Ranar da Cindo Ya Ce Ya Ƙoshi

A kasuwannin ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa, an yi wani mai jakuna da ake kira Cindo. An haife shi a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar da yatsa shida a hannun dama, shi ya jawo masa sunan. Ungozoma ta so ta ɗaure ƙaramin da zare ya bushe ya faɗi, kakarsa ta hana, ta ce Allah ba ya ƙara wa mutum yatsa a hannun cin tuwo a banza. Maganar tsohuwa kuwa ba ta faɗi ƙasa ba.

Sana'arsa dakon kanwa. Ya ɗora wa jakunansa mangala a Maigatari, inda fataken arewa ke saukewa, ya bi da su Gumel, ya wuce Gagarawa, ya komo da gero ko busasshiyar kuɓewa. Ya yi aure da ƙuruciya, matar, Safiyatu, ta rasu wajen haihuwar fari, ita da abin da ta haifa, daga nan bai sake ba. Mai gida ba ya cin tuwon kasuwa, don zagi ne ga matarsa, amma gwauro ba mai tuhumarsa, sai Cindo ya ɗauki wannan sassauci ya mai da shi ilimi. Ya san wainar wa ke da tsami daidai a Gumel, ya san mai ɗanwaken da ke cika kanwa a Gagarawa, ya san wadda ke tsinka miya da ruwa idan baƙi suka yi yawa. Loma ɗaya zai kai baki ya gaya maka daddawar ta bana ce ko ta bara. Masu abinci suna shakkarsa suna kuma sonsa, domin duk rumfar da ya zauna fatake can suke tururuwa, kafin la'asar an kankare tukunya.

Duk yawon nan nasa, rumfa ɗaya ce gida. A gefen kasuwar Maigatari, wajen da ake ɗaure jakuna, gindin wata babbar ɗinya, nan Zinariya ke tuwo. Bazawara ce, mijinta ya rasu ta dawo gaban uwarta ta karɓi muciya. Tuwon gero take yi da miyar kuka, ranar kasuwa ta ƙara burabusko da miyar yakuwa, ta yaryaɗa man shanu ba tare da ta ji ciwon hannu ba. Uwar, Iya Larai, ita ta kafa rumfar tun kafin zuwan Turawa. Idonta ya yi yana, ba ta gani sai inuwa-inuwa, amma kullum tana kan tabarma gefen murhu tana tsinkar yakuwa, kunnenta na kan kowa.

Da ta ji kukan jakin Cindo sai ta ce, "Ga mijina nan. Zinariya, ɓoye tukunya."

"Tsohuwa, ai na sake ki tun makon jiya, ba a gaya miki ba?"

"Sakin mayunwaci ba saki ba ne. Zauna."

Ya zauna gwiwa da gwiwa da ita, ya share akushi, a ƙara masa ya share, ya lashe yatsun nan duka shida, suna ta zolayar juna. Zinariya ba mai yawan magana ba ce. Ita dai idan ya kai lomar farko sai ta tsaya da mara a hannu tana kallon fuskarsa, in ya lumshe ido ta koma kan tukunya, ranar kuma ta yi mata kyau ke nan. Masu sonta ba iyaka, irin son bakin murhu, wanda ke tashi da ƙamshin miya ya kwanta da ƙoshi. Sun ishe ta har ta faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya ƙara yi mata zancen aure da miya a gemu ta gama da shi, mai so da gaske ya san hanya, ya aiko manyansa.

Rumfar tana da al'adarta. Idan damina ta ja baya, ɗinyar nan ta nuna ta yi baƙi ƙirin tana zubowa, sai su tsince ta, su jiƙa, su murje, su tace, su dafa ruwan a babbar tukunya har ya yi kauri ya zama maɗi. Ranar kasuwar da ta biyo baya ba a sayar da maɗin nan, sha ake yi kyauta, kowa ya zo da ƙoƙonsa. 'Yan kanwa, mahauta, dillalan shanu, har malaman da ke cewa su ba sa zaman kasuwa, ranar sai ka gan su sun biyo ta nan wai wani suke nema. Ludayin fari na wanda ya fi kowa riƙe rumfar ne a shekarar. Mai rumfa ke miƙa masa da hannunta a gaban jama'a, sai ya sha ya ce ya yi sannan a buɗe wa saura. Tun da Zinariya ta karɓi muciya ba wanda ya taɓa shan ludayin fari sai Cindo, har mutane suka daina gardama a kai.

A shekarar da Turawan Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamu, suna cewa nan ƙasar wannan can ta wancan, maganar da jakunan Cindo ba su taɓa yarda da ita ba, zazzaɓi ya kwantar da shi a Gumel a farkon damina. Ya yi kasuwanni bai leƙa Maigatari ba. Ranar da ya komo a rame, riga na yawo a jikinsa, Zinariya ta dube shi, ba ta ce sannu ba, ba ta ce ina ka shiga ba. Ta juya ta dama masa kunun tsamiya mai zafi, abin da ba ta sayarwa, ta ce, "Sha wannan tukuna, tuwo zai yi maka nauyi." Ta miƙo masa ƙwaryar ta tsaya a kansa. Cindo ya shanye, ya kora jakunansa, bai kai rabin hanyar Gumel ba ya gane cewa ba miyar kuka kaɗai ke kai shi Maigatari ba.

Ya tuna sharaɗinta, don haka bai ce mata komai ba. Ya nufi ƙauyensu wajen kawunsa Barau, ƙanen mahaifiyarsa, dattijon da bai taɓa yin abu yau ba in ana iya yinsa gobe. Ya same shi a gona.

"Kawu, aure nake so."

Barau ya jingina da ƙotar fartanya. "Alhamdu lillahi, ashe cikin nan naka ya rage wa zuciya wuri. 'Yar wa?"

Cindo ya faɗa.

"Madalla. To amma ɗan nan, wa ya taɓa zuwa neman aure rumbu wofi, ana tsakiyar noma? Ai sai su ce yunwa ce ta koro mu. Bari a yi girbi a ɗaure dammuna, in sa babbar rigata in je da goro kamar mutum. Matar da ta shekara da shekaru a gindin ɗinya ba tashi sama za ta yi ba."

Cindo ya ga maganar kan hanya take, ya yi godiya ya tafi.

Sai ranar kasuwa ta gaba abin ya faɗo masa. Ya ɗaure jakuna, ya nufi rumfa da yunwarsa kamar kullum, ya hango Iya Larai a kan tabarma, ƙafarsa ta tsaya. Tsohuwar nan da yake saki duk mako, tun da magana ta shiga kunnen Kawu ta zama suruka. Ɗan mutunci kuwa ba ya cin abinci a gaban surukarsa, ko ruwa ba ya sha, balle ya zauna gwiwa da gwiwa yana lasar yatsu. Haka aka rene shi, haka ya ga ubansa na yi, ya wuni gidan surukai bakinsa a bushe ya dawo gida ya faɗa wa ɗumame. Gaskiya ne ba wanda ya sani tukuna, amma shi ya sani. In aka ɗaura aure, mutane suka tuna cewa yana nema yana cika kumatu a gabanta, da wane ido zai dube su?

Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya zo ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Inna. An tashi lafiya?"

Iya Larai ta dakata da tsinkar yakuwa. "Wane ne?"

"Cindo ne, Inna."

"Cindo nawa? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna."

"To gwiwarka ce ke ciwo? Taso ka zauna, zazzaɓin nan ya taɓa maka kai."

Zinariya ta riga ta kwashe tuwo ta ajiye akushi a mazauninsa. Ƙamshin man shanu ya daki hancinsa har idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Wani mahauci da loma a hannu ya ce a leƙa waje a ga ko rana ta fito daga yamma. Aka yi dariya, ban da Zinariya. Ta ɗauke akushin, ta juya baya ta ɗanɗana miyar da yatsa, ta sake ɗanɗanawa.

Kunya dai ba ta cika ciki. Bayan azahar yunwa ta kai shi can ƙarshen kasuwa, bayan 'yan tukwane, rumfar wata Talatu, wadda shi da bakinsa ya taɓa cewa ana iya alwala da miyarta. Ya zaɓe ta ne don ba wanda ya sani da ke zuwa can. Ya juya wa hanya baya yana haɗiya kamar mai shan magani. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, domin Talatu ba ta taɓa samun daraja irin wannan ba, ba ta kuma yi niyyar ɓoye ta ba. Ta ƙara da nata, wai Cindo ya ce hannun Zinariya ya mutu, man shanunta ya fara wari.

Haka damina ta tafi. Duk ranar kasuwa ya zo ya durƙusa ya gaida Inna, a ajiye masa akushi, ya ce a ƙoshe yake, ya sulale rumfar Talatu. Zinariya ta canza daddawa. Ta sayi sabuwar tukunya. Ta taka da ƙafarta har ruga ta tsaya aka kaɗa mata man shanu a gabanta. Wasu fatake suka bi Cindo wajen Talatu, suka dawo suna tsine masa. Iya Larai ta yanke hukuncinta, ta ce wanda ya ci amana ba ya iya haɗa ido da mutane, durƙuson nan kunyar ɓarawo ce, ta daina ce masa mijina. Cindo yana ganin fuskar Zinariya na rufewa mako bayan mako, abin na cin ransa, amma sai ya lallashi kansa, ya ce girbi ya kusa, ranar da Kawu ya zo da goro za ta gane, ta yi dariya har ta riƙe ciki. A kan hanya ma yakan tsara yadda za su riƙa ba 'ya'yansu labarin, yana murmushi shi kaɗai a bayan jakuna.

Sau ɗaya ya kusa faɗa. Ya gamu da ita a hanyar rijiya, ba Inna, ba kowa. Ya buɗe baki, ya tuna abin da ta ce game da masu zancen aure da bakinsu, sai ya ji kansa yana tambayar lafiyar akuyarta.

Ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Ita tana cin abin da na ba ta." Ta gyara tulu ta wuce.

Cikin fataken arewa akwai wani Manu, mai kawo mangul, gishirin ƙasar Manga, daga can bayan Damagaram. Mutum ne mai shiru, matarsa ta rasu ta bar masa ƙananan 'ya'ya. Ya aiko manyansa tun bara, Zinariya ta ce a ba ta lokaci. Shi bai san daddawar bana da ta bara ba, abin da aka sa masa yake cinyewa ya yi godiya.

Ɗinya ta nuna gero na tsaye a gona, saura ƙiris a fara yanka. Ranar shan maɗi rumfar ta cika har wajen turakun jakuna, kowa da ƙoƙonsa, ana ta raɗe-raɗin wa za a ba ludayin fari bana. An ɗora Iya Larai a kan kifaffen turmi kusa da tukunya. Cindo ya zo, don rashin zuwa ya fi muni, ya laɓe can baya. Zinariya ta juya maɗin, ta tsoma sabon ludayi ta ɗebo. Ta wuce mahauta, ta wuce Manu, mutane suna darewa, har ta tsaya a gabansa.

"Malam Cindo," in ji ta, ita da ba ta taɓa ce masa malam ba. "Ban san abin da na yi maka ba. In miya ce, na canza. In magana ce, ban san ta ba, ka yafe. Wannan dai ba hannuna ba ne, ɗinyar Allah ce, ruwa da wuta kawai na sa. Karɓi."

Daga kan turmi Iya Larai ta juyo da fuskarta wajen muryar. "Ya karɓa?"

Cindo ya dubi ludayin. Maɗi baƙi yana sheƙi, tururi na tashi, kurɓa ɗaya ce tsakaninsa da zaman lafiya. Amma ga suruka ta zuba masa ido, ko da idon bai gani, ga duk kasuwa shaida. Wanda ya yi haƙurin damina guda, ana gab da girbi ne zai zubar da mutuncinsa? Ya mai da hannuwansa baya, kamar yaron da ke tsoron kada hannun ya ɗauka da kansa.

"Allah ya sa albarka. A ba wani. Ni na ƙoshi."

Wani daga cikin taron ya ce, "Maɗi ne fa, Cindo, ba tuwo ba."

Zinariya ta ɗan tsaya. Sannan ta juya, ko ɗigo bai zuba ba, ta koma ta miƙa wa Manu. Manu ya sha ya ce ya yi. Aka buɗe wa jama'a, aka sha, amma shan bana ba hayaniya, kowa ya shanye ya kama gabansa.

Cindo ya ga abin ya wuce wasa, ya kora jakuna kai tsaye wajen Kawu, ya roƙe shi ya tafi gobe. Barau ya ce gobe za a fara yankan gero, in an gama ɗauri ba abin da zai tsai da shi. Auren bazawara kuwa ba ya jiran ɗauri, ga fataken arewa na shirin komawa kafin sanyi. Ranar da Barau ya sa babbar rigarsa ya isa Maigatari, ya tarar da mutane a ƙofar gidan Iya Larai ana shafa fatiha. Ya tambaya aka gaya masa an ɗaura auren Zinariya da Manu. Dattijo ne mai sanin ya kamata, ba a neman matar wani, don haka ya miƙa goronsa a matsayin barka, ya yi addu'a, ya juyo bai gaya wa kowa abin da ya kawo shi ba.

"Ɗan nan," ya ce wa Cindo, "matar mutum kabarinsa. Allah bai yi ba."

Cindo ya tashi. Ya je ya kwance wa jakuna akumari, ya daɗe a can.

Manu ya tafi da amaryarsa arewa. Rumfar gindin ɗinya ta rushe, Iya Larai ta koma zaman gida wajen ɗanta Badaru. Cindo ya ci gaba da dakon kanwa, yana ci a rumfunan mutane, yana faɗin wadda ta cika barkono da wadda ta yi rowar mai, amma masu lura sun ce ya daina lumshe ido.

Bayan 'yan shekaru damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, yunwar da aka sa wa suna Kakalaba ta shigo. Rumfunan abinci suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka koma tonon gidan tururuwa neman hatsi da jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci, na arewa suka yi ta kwararowa kudu, wasu suna faɗuwa a hanya. Jakunan Cindo suka ƙare saura ɗaya. Badaru ya kwashe iyalinsa ya yi kudu neman hatsi, ya bar uwarsa ya ce zai dawo, domin tsohuwa ba ta iya tafiya. Da Cindo ya ji, sai ya riƙa kawo mata ɗan abin da ya samo daga wajen Gagarawa, wani lokaci gero a ƙasan taiki, wani lokaci dusa.

Ta karɓa ba sakin fuska. "Mai tuwon Talatu ne? Ajiye nan."

Da lalube take dama kunu, tsararo, ta raba ƙoƙo biyu.

"Sha."

"A ƙoshe nake, Inna."

"Bana ko mai rumbu goma bai ƙoshi ba. Muryarka ma ta rame."

Sai ya ɗauki ƙoƙon ya ce bari ya duba jakinsa, ya zaga bayan danga. Ya manta cewa wanda ido ya bari kunne yake yi wa aiki. Zuwa na farko ta yi shiru, na biyu ta yi shiru. Wata rana da hantsi, yana dawowa da ƙoƙo wofi, ta ce, "Cindo, zo nan. Zauna."

Ya durƙusa.

"Ba ƙin abincina kake yi ba, tunda ina jin ka a bayan danga kana suɗe ƙoƙo har da yatsa. A gabana ne ba ka ci." Bakinta na motsi kamar mai lissafin shekaru. "Tun yaushe?"

"Tun daminar da na yi zazzaɓi, Inna."

"Wa ka aika?"

"Kawu Barau. Ya zo ya tarar ana fatiha."

"Dattijon nan mai babbar riga, da ya kawo goron barka ba wanda ya san shi?"

"Shi ne."

Can ta lalubo ludayi, ta lalubo kansa, ta ƙwanƙwasa masa, ba da ƙarfi ba don ba ta da shi.

"Wawa. Wawan Allah. Yarinyar nan damina guda ta yi tana kuka a kan tukunya. Daddawar da na yi da hannuna ta zubar, ta ce ita ce. Ko tari ka yi mini ai da na gane." Ta ajiye ludayin. "Kai da kunyarka, ni da makantata, mun haɗu mun kore ta."

Suka zauna suna kuka a tsakar gidan da ko kaza babu.

Iya Larai ta so ta aika saƙo arewa, amma a shekarar nan ba mai zuwa arewa, kowa daga can yake gudowa. Ba ta ƙara matsa masa ya ci a gabanta ba. In ta raba kunu sai ta miƙa masa ta ce, "Je ka duba jakinka, surukina." Ba ta ga sabon gero ba. Cindo ne ya nemo mutane aka yi mata sutura.

Da ƙasa ta farfaɗo ya ƙetare iyaka ya nemi garin su Manu. Ya tarar rabin gidajen kango, aka ce yunwa ta tashe su, wasu suka ce sun yi Borno, wasu suka ce yamma. Ba aure yake nema ba yanzu, matar wani ce. Magana ɗaya yake so ya kai mata, cewa miyarta ba ta taɓa yin laifi ba. Ya yi tunani ya ce mace irin Zinariya duk inda ta sauka sai ta kafa murhu, matan aure kuwa da yawa a cikin gida suke dafawa a fito da shi talla, ba a ganin fuskarsu sai hannunsu, hannunta kuwa ko a mafarki ya ɗanɗana zai gane. Sai ya tsawaita hanyarsa. Magarya, Matsena, Haɗeja, Babura, duk kasuwar da ya shiga ba ya barin tuwo da miyar kuka bai taɓa ba. Mutane suna dariya, suna cewa tsufa ya ƙara wa Cindo kwaɗayi. Kaɗan ne suka lura loma ɗaya yake yi, ya tura wa na kusa da shi akushin.

Shekaru suka tafi a haka, annobar marisuwa, murar nan mai kisa, ta zo ta ɗebi na ɗiba ta wuce, gemunsa ya yi fari. Wata ranar kasuwa a Maigatari yana zaune a rumfar wata sabuwar mai tuwo, wani dattijo mai ƙurar gishiri a riga ya zauna kusa da shi. Suka wanke hannu a ƙwarya ɗaya. Dattijon ya tsaya yana kallon yatsun.

"Kai ne Cindo."

"Ni ne."

"Manu ne. Ni na sha ludayinka."

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da hanya, kowa na zagaye abin da ke gabansu. Aka ajiye musu tuwo.

Manu ne ya fara. "Marisuwa ta ɗauke ta, can wajen Gure. Ta rene mini 'ya'ya kamar ita ta haife su. Mace ce ta gari."

"Allah ya ji ƙanta. Ta ci gaba da sana'a a can?"

"Ko sau ɗaya. Tun da muka bar garin nan ba ta ƙara dafa na sayarwa ba, ko a shekarar yunwa da na roƙe ta. Ɗinya kuwa ba ta so a shigo mata da ita gida." Ya gutsuri tuwo ya riƙe bai kai baki ba. "Amma sunanka bai bar gidana ba. Duk ranar da miya ta yi daɗi yara na santi, sai ta ɗanɗana ta ce, wannan ko Cindo ba zai raina ba. Can kuma sai ta ce, a'a, zai raina. Na daɗe ina so in tambaye ka, don ni bakina bai san komai ba. Me ka samu a abincin nan nata?"

Ga amsar da ya yi shekaru yana dakonta kasuwa-kasuwa, ga kuma wanda ya tambaya, mijinta. Ba a gaya wa mutum ka so matarsa, ko tana kabari.

"Ba komai," in ji Cindo. "Ban taɓa cin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan."

Manu ya daɗe yana dubansa. Ko ya gane ko bai gane ba, mutum ne mai shiru, bai faɗa ba. Ya mai da lomar cikin akushi. Suka zauna har tuwon ya huce, man shanu ya daskare a kan miya, mai rumfa ta zo ta tsaya a kansu ta ce in ba ci za su yi ba su ba ta akushinta, akwai masu jira.

Daga ranar Cindo ya daina tafiya mai nisa, ya koma tsohuwar hanyarsa, Maigatari, Gumel, Gagarawa. Ya kuma lalace a matsayin alƙalin miya. Duk wadda ta sa masa abinci, ko gishiri ya yi yawa, ko tuwon ya yi gudaji, sai ya cinye tas, ya kira ta da sunanta ya yaba mata a gaban mutane. Fatake suka gane bakinsa ya daina aiki, suka daina binsa. Ya rasu a Gumel da sanyin wata shekara, a zauren wani abokin sana'arsa, bai bar ɗa ba, sai jakuna biyu da mangala.